Mai Girgiza Teburin Farfesa

Ranar Litinin Farfesa ya hana sa takalmi a ɗakin gwaji. Kafin mako ya ƙare ya hana tari.

Ɗalibai kan kira shi Kar-a-motsa a bayan idonsa, kuma ba su yi masa ƙazafi ba. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa da gashin kansa wajen farautar wata ƙwayar sinadari da ba ta zama a duniya. Ƙiftawar ido ma doguwar tafiya ce a wurinta. Akan harba hasken leza a samar da ita, sai a bi ta da wani hasken nan take, a ɗauki yadda take kaɗawa kafin ta wargaje. Kowace ƙwaya da irin kaɗawarta, kamar murya. Farfesa ya tabbata tasa tana nan, bai dai taɓa kama muryar ba. Ga shi a ƙarshen zangon nan zai yi ritaya, a kwance na'urar gwajinsa a ba wani sashe.

Na'urar tana kan wani ƙaton tebur da ke zaune a kan matashin iska, cike da ƙananan madubai. Ko yatsa ya taɓa shi sai an gani a allon kwamfuta. A tsakiyar teburin akwai ɗan noti da ake murzawa a hankali don jinkirta haske na biyu, kuma mutum ɗaya tak Farfesa ya yarda ya taɓa shi: Auta, 'yarsa ta cikinsa, wadda ita ma dakta ce a fannin. Hannunta ba ya rawa. Ta iya miƙa shi tsakanin madubai ba tare da ko hannun rigarta ya shafi ƙarfe ba.

Sai ga wata fitina sabuwa. Da zarar layin da ke nuna kaɗawar ƙwayar a allo ya fara tasowa, sai wani abu ya bugi teburin, dum, layin ya watse.

Farfesa ya sa aka kashe na'urar sanyaya ɗaki, kowa ya yi sharkaf da gumi. Ya hau bene ya roƙi masu ofishin sama su daina jan kujera. Daga nan zargi ya sauka kan Injiniya mai kula da lezar, mutum mai jiki, wanda ko da safa yake tafiya sai ƙasa ta san da zuwansa. Aka kore shi baranda. Ya fita yana danne dariya, abin da ya ƙara tunzura Farfesa.

Bugun bai daina ba. Ƙarfi ma ya ƙara.

Ita kanta Auta ba ta tsira daga mitarsa ba. A ganinsa aure ya sa mata son jiki. Ta daina haɗa sinadarai, ta bar wa Injiniya. Ta jawo kujera kusa da ita, ta daina shan kofi, ta ari wata burmemiyar rigar aiki da za ta ɗauki mutum biyu. Mijinta kuwa har ƙofa yake kawo ta, riƙe da jakarta kamar wadda ba ta da hannu.

A gida ya kai ƙara wurin uwargida. Tana ninke kaya ta ce, "Kai da kake ganin abin da ido ba ya gani, Allah ya sa wata rana ka ga na gabanka."

Farfesa ya waiwaya da sauri, ya yaba sabon labule. Labulen ya shekara a rataye.

Ranar ƙarshe, masu kwance na'ura suna baranda da akwatunansu, suna duba agogo. Farfesa ya roƙe su gwaji ɗaya. A karon farko tsoro ya kama shi sosai, tsoron fita daga ɗakin nan hannu rabbana. Ya fitar da kowa, ya rage shi da Auta. Suka sa tabaran kariya. Ya ɗora tafin hannunsa a gefen teburin, a hankali kamar mai taɓa goshin marar lafiya, ya riƙe numfashi.

Auta ta sunkuya, ta miƙa hannu, ta fara murzawa. Layin ya taso. Sai dum, a cikin tafinsa, sau biyu a jere.

"Daga wajenki yake zuwa," in ji shi cikin raɗa. "Ke kika motsa?"

"Ban motsa ba, Baba."

Ta kai idonta kan bakin teburin. Can sai kunya ta rufe ta. Ta ja da baya taku guda, ta ce ya zo ya murza da kansa.

Da tsohon hannunsa ya murza. Layin ya taso, ya ci gaba da tasowa, ya tsaya cak, siriri mai tsini, daidai inda lissafinsa ya daɗe yana cewa zai tsaya. Farfesa ya cire tabarau ya goge ido, ya sake gogewa. Ya juyo.

"Auta, me kika ɗauke daga jikin teburin nan?"

Ta sunkuyar da kai, hannu biyu a kan burmemiyar rigar.

"Jikanka ne, Baba. Da na sunkuya ya ji sanyin ƙarfe sai ya kai shuri."