Buzun da Ba a Wanke Ba

Ka ce ka duba ko'ina ba ka ga inda ɓarakar take ba. To, ga misalin wata tsohuwa mai kaɗin auduga. Mijinta ya rasu ya bar mata abu biyu: buzun da yake zama a kai a gindin lemo, da wata farar kyanwa da ta saba kwanciya a gefen ƙafarsa. Kullum bayan azahar takan shimfiɗa buzun a inuwa, ta ɗora kuncinta a kai, kyanwar ta zo ta naɗe kusa da ita. Ƙanshin turarensa bai gama fita daga gashin ba. Idan barci ya fara fizgarta har takan ji gyaran muryarsa daga zaure, kamar yanzu zai shigo ya nemi ruwan alwala. Ana nan sai makero ya fito wa kyanwar a kunne, gashi ya zube ya bar da'ira kamar kwabo. Likitan dabbobi ya ba da maganin ɗurawa a baki da na shafawa, ya ce ciwon yana ɓuya a makwanci, a wanke duk abin da kyanwar take hawa. Baiwar Allah ta wanke tabarma, ta wanke zannuwa, har faifan da kyanwa ba ta taɓa kallo ba bai tsira ba. Buzu kam ko a ranta bai zo ba, don a wurinta ba kaya ba ne, mazaunin malam mijinta ne.

Kyanwa ta warke, ciwo ya dawo. Ta sake warkewa, ya dawo har wuya, ta rame, ta daina bin ƙadangaru. Tsohuwa ta zargi magani, ta zargi magen maƙwabta, har bakin mutane ta zarga. Ran nan ta sunkuya ɗibar ruwa a randa, sai ta ga fuskarta tana rawa a ciki, ga da'irar nan a kuncinta na dama, wanda take ɗorawa a kan buzun. Ta daɗe a tsaye da moɗa a hannu. Sannan ta ɗauko buzun, ta shinshina sau ɗaya, ta tsoma shi a ruwan magani tana hawaye, ta shanya a rana kwana uku. Ƙanshin malam ya tafi ke nan, amma kafin wata biyu gashin kyanwa ya tsiro, ciwon kuma bai sake leƙowa ba. Kai ma je ka duba wurin da ba ka son dubawa, don gaskiyar masu iya magana ce da suka ce, so hana ganin laifi.