Zanenta na Ƙarshe

Burushin dattijon na taɓa takardar, fuskar da aka zana a kanta ta fara narkewa.

Shekara talatin haka suke aiki: matarsa ta yi zane da tawada, shi ya bi da launin ruwa. Ba ta taɓa miƙa masa takarda ba sai ta jiƙa yatsa ta goga a gefe, ta tabbatar tawadar ba ta damewa. Wannan kuwa fuskarta ce ta zana a gadon asibiti da alƙalamin aro, kwana uku kafin ta rasu.

"Baba, tsaya!" in ji 'yarsa. "Idanun suna tafiya!"

Ya danna tsumma a kan takardar. Bakin ma ya bi idanun, sai baƙin tabo ya rage.

"Ai ita ba ta mantuwa," ya ce. "Kullum sai ta gwada."

'Yar ta cire abin da ya matse takardar a jikin allo. A ƙarƙashinsa ga shatin yatsan uwarta dame-dame da tawada, ga kuma rubutunta a karkace: "Maigida, wannan ba ta jure ruwa. Bar ni haka."