Makullin Kyaftin Indo

"Namiji ne ya rubuta wannan," in ji Zaituna, tana latsa waya. "Kuma bai taɓa zama da mace ba."

Tun hantsi 'yan gurup ɗinsu ke musu a kan labarin Kyaftin Indo, 'yar Soron Ɗinki mai tuƙa kumbo zuwa duniyar Mas. Marubucin ya ɓoye sunansa.

"An ce a sa mata jarumai, shi ne ya kawo mana shashasha. Wace mace ce za ta ƙulle makullin kumbo a haɓar zaninta, ta manta, ta tara jama'a cigiya?"

Mijinta Ɗalha na gefe, yana latsa tasa wayar.

Can ta miƙe. "Malam, ka ga makullin kicin?"

"Duba haɓar zaninki."

Ya karkata wayarsa, ya ci gaba da rubuta babi na tara.