Mai Faci da Kofin Mahaifinsa

Zauna, Sallau, ka daina murza hular nan. Na ji bayaninka. Wata huɗu ke nan ba kwa ga-maciji da ƙanwarka, ka aika mata da atamfa ta dawo maka da abarka, ka aika da buhun shinkafa ta rabar wa maƙwabta. Bari in ba ka misalin wani mai faci, in ya so ka auna da kanka.

Mutumin nan ya shekara ashirin yana facin taya a bakin tasha, kuma ya iya, wannan ba a ƙwace masa. Illarsa ɗaya: shi a wurinsa duk abin da ya rabu a duniya maganinsa sholisho, gam ɗin nan mai wari da ake liƙe roba da shi. Takalmi ya ɓalle, sholisho. Bokiti ya tsage, sholisho. Da za a biye masa, aure ma in ya mutu da shi zai gyara. To, mahaifinsa direban babbar mota ne, ya rasu ya bar wani ɗan kofin gilashi mai kaurin gindi da ya zo da shi daga Agadas, wanda da shi ya sha shayi har ƙarshen rayuwarsa. Tsohuwa, uwar mai facin, ba ta riƙe komai na mijinta ba sai kofin nan. Kullum da safe sai ta wanke shi, ta goge da bakin zane, ta mayar kan taga, alhali ba mai sha da shi. Da 'yarta ta haihu a Gusau, ta tafi taya ta jego, ta bar wa ɗanta amanar ɗakin. Saura kwana shida ta dawo ya shiga yi mata shara, hannun rigarsa ya kwashe kofin, ya faɗi ya rabu gida uku. Ya san in tsohuwa ta tarar da tagar nan wayam, mutuwar mijinta sabuwa za ta dawo mata.

Sai ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya ɗauki dutse ya goga a bakin karayar, yadda yake karce roba kafin faci, nan take wani ɗan ɓalli ya fita daga bakin kofin. Ya laɓta sholisho, ya jira ya sha iska, ya matse. Kofi ya tsaya kam, da layuka rawaya kamar majina, amma washegari rana ta bugi taga, ya saki jiki ya baje. Ya jiƙa ƙaro ya sake haɗawa. Wannan karon har ya fara murmushi, sai da ya gwada wanke shi yadda tsohuwa take yi, ya warware masa a hannu. Abin haushin kuma, 'yan taku kaɗan daga rumfarsa akwai wani dattijo mai yankan gilashin taga da madubi, kullum sai sun gaisa. Amma mai faci guda ya je tambayar yadda ake liƙi? Ai sai 'yan tasha su samu abin dariya. Haka ya cinye kwana huɗu yana kunya, sai da ya rage kwana biyu sannan ya ƙunshe gutattsarin a hankici ya tafi.

Dattijo ya kwance hankici, ya shinshina, ya ce, “Malam, wannan ai ba taya ba ce.” Iyakar dariyar da aka yi masa ke nan. Ya ɗauki reza da auduga da sifirit ya shiga kankare tsohon gam, kusan rabin yini, har bakin gilashin ya fito tas. Sannan ya ciro wasu 'yan kwalabe biyu na gam garai-garai kamar ruwa, ya ɗiga daidai wa daida a kan takarda, ya gauraya da tsinke, ya shafa siriri yadda mace take zizara kwalli. Ya haɗa, ya goge abin da ya tsattsafo, ya ɗaure da zare, ya kafa gindin a kwanon yashi. Ya ce kada a taɓa sai gobe war haka, kuma kofin ya gama shan ruwan zafi.

Ranar da tsohuwa ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi taga. Idonta ya yi rauni, amma babban yatsanta ya gano layin, ya bi shi har zuwa giɓin bakin. Mai faci ya durƙusa ya faɗa mata komai, har da dutsen. Ta wanke kofin, ta goge da bakin zane, ta mayar wurinsa. Ta ce, “Tashi. Babanka ma da tabo a goshi na aure shi.”

Ka lura, Sallau, faɗuwar da kofin ya yi ta gyaru. Giɓin da ya zauna har abada, dutsen mai faci ne ya yi shi. Atamfarka da shinkafarka sholisho ne, suna da amfani a wurinsu. Ka tafi da ƙafarka, hannu rabbana, ka zauna ka tambaye ta abin da ya yi mata ciwo, ka bari ta amayar da shi duka kafin ka ce uffan, don sabon gam ba ya kamawa a kan tsoho. Ni ban ji tsoro a kanku ba, tun da ka iya ajiye kunya ka tako har nan kafin ka ƙara goga dutse. Hausawa sun riga sun faɗa: matambayi ba ya ɓata.