Koren Alƙalami

Sau huɗu Hajiya tana haɗa wa mijinta kayan kwanciya asibiti, sau huɗu tana kwance su. Kullum amsar ɗaya ce: kwamiti ya ɗaga aikin.

Wata bakwai ke nan da hanyar fitsari ta toshe wa Alhaji. Aka sa masa roba da jakar da fitsarin ke taruwa, aka ce tiyata nan da mako biyu. Sai annoba ta sauka. Ɗakunan tiyata uku suka koma ɗaya, aka raba marasa lafiya launi-launi. Ja na masu ciwon daji ne da waɗanda tsakuwa ta toshe wa ƙoda, su ake fara shigarwa. Rawaya su bi baya. Kore kuwa su je gida su yi ta haƙuri.

Alhaji kore ne. Abin da ya fi ƙona wa Hajiya rai shi ne yadda yake kare kwamitin kamar shi ya haife su. Ta tuna masa shekara talatin ya yi yana wa asibitin nan bauta, ko mai gadi ne ai a duba masa. Ya ce doka ba ta san sani ba, ya ɗauki hularsa ya tafi aiki.

Ita dai ta yi nata. Da ragowar atamfarta mai furanni ta ɗinka wa jakar riga, don kada jikoki su yi ta tambaya. Ta gaji da wanke tabon koren tawada a aljihun rigunansa. Ta gaji da jin labarin jarumtarsa, mutumin da ranar allurar rigakafi sai da nas biyu suka riƙe shi yana salati.

Ran Talata ta tsinci takardar gwajin jininsa a ƙarƙashin katifa. Ta kai wa 'yarsu mai karatun likita. Yarinyar ta karanta, ta ce ƙodar Baba ta fara gajiya, mai irin wannan takarda ja ne tun watan jiya.

Tsoro ya kama Hajiya, fushi ya biyo baya. Ta ɗaura takunkumin fuska, ta yafa mayafi, sai asibiti.

Jerin sunaye na manne a bango. Ga sunan Alhaji can ƙasa, an ja masa layi da koren alƙalami, har sau huɗu. Ta tambayi nas wane mara imanin ne ke raba launin nan. Nas ta ce shugaban kwamiti ne, amma gara Hajiya ta koma gida. Kafaɗun nas ɗin na ta rawa, Hajiya ta ɗauka tari ne ta matsa gefe.

Ba ta yi sallama ba. Shugaban na zaune bayan tebur, an naɗe shi tun daga kai har ƙafa: hula, takunkumi biyu, gilashin rufe fuska, doguwar rigar leda. Yana ganinta ya sunkuyar da kai.

Ta wanke shi tas. Ta ce masa azzalumi, ta ce wanda bai san zafin ciwo ba shi ke wasa da ran mutane.

"In mijina ya rasa ƙodarsa, wallahi taka zan cire!"

Ya jawo jerin, ya ajiye koren alƙalami, ya ɗauki ja, ya zagaye sunan Alhaji.

Hajiya ta juya za ta fita, alƙalamin ya gangaro ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauko, sai ga rigar atamfa mai furanni, ɗinkin hannunta, tana lilo a ƙafar mijinta, babban likitan da ya yi wa maza dubu wannan aikin bai taɓa ƙifta ido ba.