Ta Ƙi Tashi

Bindigar ta faɗo gaban uwar maƙera tun kafin Tanimu ya ɗago kai.

"Ga tsiyarka nan, Maƙeri. Ta ƙi tashi."

Wanda ya jefo ta dogo ne, idanu jajur, ƙafafu duk taɓon fadama, da wani tsohon kallabi naɗe a wuyan hannunsa. Ya ce sunansa Jibo, daga Jiratawa yake, kuma aike ya yi aka sayo masa ita a nan Tibiri.

Ran Tanimu ya tafasa, don dama a cike yake. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa, sandar sitiyarin mota, wadda ubansa ya koya masa ƙera bakin bindiga da ita, ta gagari talaka a kasuwar Maraɗi. Manoma kuwa araha suke so. Sai ya koma tiyon famfo, ya rage kuɗi, kowa ya yi ta sa masa albarka. Ana nan sai aka fara yaɗa cewa wata bindigarsa ta tarwatse a fadama, ƙarfen ya kashe wata mata da ta kai wa mijinta fura gona. Tanimu ya rantse ba laifin tiyo ba ne, ƙauyawa ne ke ɗura albarushi kamar masu cika buhu. Ko sunan matar bai tambaya ba. Amma tun daga ranar masu saye suka ɗauke ƙafa.

Yanzu kuma ga wannan, a gaban masu shan shayi da suka bar rediyo da rigimar jam'iyyu suka zuba musu ido. In maganar nan ta kai kasuwa, sunan gidansu ya mutu ke nan.

"Mi ka auna da ita?" ya tambaya a fusace.

"Wani mugun abu da ya yi mani ɓarna. Jiya da hantsi ya sauko bakin magudanar ruwa ta fadamar Jiratawa, ya sunkuya. Na saita shi, na ja kunama. Ƙyas! Shi ke nan. Ya miƙe ya yi tafiyarsa."

Tanimu ya san wurin, don shi ma yana da ɗan fegin albasa a can.

"Gyado ne?"

"Gyado ya fi shi tausayi."

Tanimu ya kwance bindigar. Ƙarfen da ke buga wuta ya saki, don da wayar tsohuwar lema ya yi shi. Kunya ta kama shi, kunyar ta koma fushi. Ya shiga ɗaki ya fito da sandar sitiyari ta ƙarshe, wadda ya ɓoye don ranar fita kunya, don ya sake mata baki da ƙarfen wutar gaba ɗaya. Ya ja zugazugi har gawayi ya yi fari. Ya dinga dukan ƙarfe kamar bakin masu tsegumi yake duka.

Jibo yana tsaye. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Aka miƙa masa ruwa, ya ce ba ya sha a gidan nan. Hannun maƙerin kawai yake kallo, yana murza kallabin.

Sai la'asar aikin ya ƙare. A gidan su Tanimu, bindigar da aka gyara ba ta barin maƙera sai maƙerin ya ɗura ta da hannunsa, mai ita ya harba ta a gabansa, unguwa ta ji ƙarar ta shaida. Ya zuba albarushinsa mafi kyau, ya danna harsashi, ya ɗana ta, ya miƙa.

"Ba na son ko sisinka. Harba kowa ya ji! Wannan ko giwa ce ba ta ƙara taku. In ta ƙi tashi, ka tsine mani a tsakiyar kasuwa."

Jibo ya karɓa. Ya ja da baya a hankali har ya kai bakin zaure, kamar mai gwada nisan da ya riga ya sani. Bai ɗaga bakinta sama ba.

"Ramatu sunanta, matar da tiyonka ya kashe mani," ya ce, "kuma jiya kai ne ka sunkuya a bakin ruwan."