Fuskar Inna Tasalla

Tun da aka ɗauke likitoci daga asibitin unguwa, na'ura ce ke duba fuskar mutum ta ba shi magani. Shekara biyu tana ba Inna Tasalla ƙwayar asma iri ɗaya. Numfashi ya ɗan saki, amma kumatunta sun cika, ƙashin bayanta yana ciwo.

Ranar Talata ta tsaya gaban gilashin da ke duba fuska, sai na'urar ta ce, "Ba a gane ki ba."

Ma'aikacin wurin, Sagiru, ya taso. "Inna, da sauƙi. A sake miki hoto, ki karɓi ƙwayarki."

"In na ƙi fa?"

"Sai likita mutum da ke zuwa daga babban asibiti ya tantance ki. Layin kwana uku ne, a rumfar waje, cikin hayaƙi."

Ƙirjinta yana ƙara kamar usur. Ta kwance bakin mayafinta ta duba: saura ƙwaya huɗu.

"Ɗan nan, ita da ta kumbura ni ma ba ta gane ni ba. Ina son mai ido ya dube ni, ya tambaye ni ina ke ciwo."

"Inna, za ki wahala."

Tari ya taso mata. Ta jira ya lafa, sannan ta ce, "Nuna min rumfar."